Wace farfela ce ta dace da jirgin da ke jan tayar wasa a ruwa?

Tambaya: Ina da jirgin fiba mai tsawon ƙafa 18 a tafkin Jabi, Abuja, da injin Yamaha F115 a bayansa. Muna jan tayar iska ta mutum uku, irin wadda ake kwanciya a kai jirgi ya ja ta da igiya. Farfelar da ke kai ta alminiyam ce, an buga mata 13 x 19. In ni kaɗai ne, agogon juyi yana kaiwa 5,200 kuma jirgin yana gudu lafiya lau. Amma da mutum huɗu a ciki da uku a kan taya, sai ya ɗaga goshi sama ya yi ta nishi kafin ya kwanta a kan ruwa, kuma da na rage totur kaɗan ko na sha kwana sai gindinsa ya sake nutsewa. Mai sayar da kaya ya ce in sayi ta ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 21, wai ta fi ƙarfi. In saya?

Amsa: Kada ka saya, Alhaji. Wannan farfela mai lamba 21 za ta ƙara maka ciwon da kake kuka da shi ne, kuma da tsada. Ƙasa za ka yi da lamba, zuwa 17, watakila ma 15. Amma bari in nuna maka dalili, domin ka iya yanke hukunci da agogon jirginka a gabanka.

Lambobi biyun nan da ke jikin farfela duk inci ne. Ta farko, 13, faɗinta ne, wato girman da'irar da fukafukanta ke zanawa in tana juyawa. Ta biyu, 19, ita ce makanikai ke kira fici, ni kuma na fi son in ce taku: nisan da farfelar za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa katako ne ita kuma ƙusa mai zare. Farfela mai taku 19 tana neman cin inci 19 duk juyi, mai 21 tana neman 21. Motarka tana da giya biyar ko shida, kana tashi da ta ɗaya, kana hawan tudu da ta biyu, sai a miƙaƙƙen titi ka ba ta ta ƙarshe. Injin jirgi giyar gaba guda ɗaya tak gare shi, a naka 2.15 ne, ma'ana inji ya juya sau biyu da ɗan ɗoriya kafin farfela ta juya sau ɗaya. Ba ka da sandar da za ka ja ka sauko giya. Takun farfela shi ne giyar da ka zaɓa wa jirgin, kuma da ita zai tashi, da ita zai ja kaya, da ita zai yi gudu. Wanda ya ce ka ɗora 21 don jan taya, kamar ya ce ka tashi da mota cike da buhunan masara a giya ta huɗu ne.

Kowane inji yana da iyakar juyin da masu ƙera shi suka ce ya kamata ya kai in an buɗe totur gaba ɗaya. Tsohon samfurin F115 nasa 5,000 zuwa 6,000 ne a minti, sabon samfurin kuma 5,300 zuwa 6,300. Duba littafin injinka ka ga wanne ne naka. Ko wanne ne, 5,200 da kake samu kai kaɗai yana can gindin ma'auni, in ma sabon samfuri ne to ka riga ka faɗo ƙasa da shi tun ba ka ɗauki kowa ba. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce, duk inci ɗaya na taku yana canza juyin inji da kimanin 150 zuwa 200. Ka ƙara taku juyi ya ragu, ka rage taku juyi ya ƙaru. To lissafa: daga 19 zuwa 21 ka zubar da juyi 300 zuwa 400, ka koma wajen 4,800 kai kaɗai a cikin jirgi. Ka zuba mutum huɗu, ka ɗaura taya, sai ka gan shi yana fama a ƙasa da haka sosai. Injin da ke aiki a buɗe da totur amma ya kasa kai juyinsa yana cikin wahala, zafi na taruwa a kan fistin, baƙin hayaƙi na daskarewa a ciki, fetur na zurarewa cikin baƙin mai. Ba ya mutuwa rana ɗaya, shi ya sa mutane ba sa danganta lalacewarsa da farfelar da suka ɗora bara.

Yanzu ga abin da ya sa jan taya ya bambanta da sauran ayyukan jirgi, kuma nan ne yawancin masu ba da shawara ke kuskure. Masu yin tayoyin nan suna buga gargaɗi a jikinsu cewa kada gudu ya wuce mil 20 a awa ga manya, mil 15 ga yara, wato kilomita 32 da 24 ke nan. Shi kuma jirgin fiba irin naka, in yana ɗauke da mutane, daidai wannan tsakanin ne yake fafutukar hawa saman ruwa ya kwanta. Ƙasa da haka yana ture ruwa da ƙirji kamar garma, goshi a sama, gindi a nutse, kai direba ba ka ma ganin gabanka. Sama da haka ya kwanta yana sulɓi, amma ka wuce gudun da ya dace da waɗanda ke kan taya. Ka ga ke nan duk yinin aikinka a bakin wannan iyaka kake yinsa. Ƙarshen gudun jirgin, ko kilomita 60 ne a awa ko 65, ba ka taɓa zuwa can da mutum a bayanka. Abin da kake buƙata shi ne farfelar da za ta ɗaga jirgin da wuri, sannan ta riƙe shi a kwance a ƙaramin gudu ba tare da kana ta wasa da totur ba.

Ita kanta tayar ba ta taimaka maka. Mai wasan katako a kan ruwa da zarar ya miƙe tsaye nauyinsa a kan igiya ya ragu sosai. Taya kuwa faffaɗa ce, cikinta a manne da ruwa, mutum uku a kai, tana jan jirgin baya daga farko har ƙarshe. In ka sha kwana ta fita gefe ta tsallake igiyar ruwan da jirgi ya bari, sai ta fizgi gindin jirgin a daidai lokacin da shi ma kwanar ta rage masa gudu. Nutsewar da ka ce yana yi a kwana ke nan. Ga kuma tsayawa da tashi: wani ya faɗo, ka zagayo, ka ɗauke shi, ka sake tashi. A yini guda za ka yi tashin da mai yawon shan iska ba zai yi a wata ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, yi awo. Lambar 5,200 da ka ba ni ta jirgi babu kowa ce, kuma ba haka kake aiki ba. Zuba mai kamar yadda ka saba, ɗauki mutum huɗun nan ko nauyinsu, ka bar tayar a bakin ruwa, domin ba a buɗe totur gaba ɗaya da mutum a kan igiya. Nemi lokacin da ruwa ya kwanta, da safe ya fi. Sauke ƙafar inji ƙasa gaba ɗaya, ka tashi, in jirgi ya kwanta ka riƙa ɗago ƙafar kaɗan-kaɗan har gudu ya daina ƙaruwa. Rubuta juyin da agogo ya nuna da gudun da GPS ɗin wayarka ya nuna. Yi haka zuwa da dawowa saboda iska. Sannan ka ƙirga daƙiƙa nawa yake ɗauka daga tsaye zuwa kwanciya, ka kuma riƙa rage totur a hankali ka ga a wane gudu ne gindin ke fara nutsewa. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a wurinka, kuma ita ce ba wanda ke aunawa.

Zatona za ka ga wajen 4,800 ko 4,900 da mutane. In haka ne, 13 1/4 x 17 za ta mai da kai wajen 5,200 da kaya, wajen 5,600 kai kaɗai. Wannan ita ce farfelar da zan fara gwadawa a jirginka, domin tana yin aikin biyu: ta ja taya, ta kuma yi yawo. In kuwa jirgin ba ya wani aiki sai jan taya daga safe zuwa yamma, kullum cike, to 13 1/2 x 15 ta fi, za ta kai ka tsakiyar ma'auni ko samansa da kaya. Sharaɗinta ɗaya ne, ranar da ka fita kai kaɗai idonka ya kasance a kan agogo, domin za ta iya kai ka bakin 6,000 ko ta gota. Injin yana da abin da ke yanke masa wuta in ya wuce iyaka, za ka ji yana tari-tari, amma ba a mai da wannan abin dogaro. Ka lura kuma yadda faɗi ke ƙaruwa in taku ya ragu, 13 ya koma 13 1/4 ya koma 13 1/2. Da gangan aka yi haka, fiffike mai faɗi ya fi kama ruwa ga jirgi mai nauyi, kuma ba sai ka wahalar da kanka wajen zaɓen faɗi ba.

Za ka ce to gudun fa? Ga lissafinsa. Ka ninka juyi da taku, ka raba da giya, ka sake rabawa da 656, sai ya ba ka kilomita a awa da a ce farfela ba ta zamewa. Da 19 a 5,200 ya kama 70. Da 17 a 5,600 ya kama 67 da rabi. Ruwa ba katako ba ne, farfela tana zamewa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a jirgi irin naka, saboda haka a zahiri bambancin bai wuce kilomita biyu ko uku ba. Abin da za ka rasa ke nan, a wani gudu da ba ka amfani da shi. Da kaya ma sau da yawa ƙaramin takun ne ke yin gaba, tunda ya bar inji ya kai inda ƙarfinsa yake.

Wannan ba sabon ilimi ba ne ga mutanenmu na ruwa. Je ka Yawuri ranar kasuwa ka dubi ƙafar injin jiragen katakon da ke ɗaukar buhuna da babura a kan Neja da tafkin Kainji. Inji mai ƙarfin doki 40 ne ke tura kayan da ya ninka nauyin jirginka, kuma in ka karanta lambar farfelar za ka tarar ƙaramin taku ne, ba mai neman gudu ba. Masu jiragen nan da kunne suke gane injin da aka ɗora wa farfelar da ta fi ƙarfinsa.

Sai maganar yawan fukafukai. Taka mai uku ce. Mai huɗu tana da ƙarin fiffike a cikin ruwa kowane lokaci, don haka ta fi saurin ɗaga jirgi, ta fi riƙe shi a kwance a ƙaramin gudu, tana ɗan ɗaga gindinsa, kuma ba ta saurin sakin ruwa a kwana. Duk abin da mai jan taya ke nema ke nan. Kuɗin da take karɓa shi ne ɗan ragin ƙarshen gudu. In da ni ne da jirgin nan kuma jan taya ne sana'arsa, mai huɗu zan sa ba tare da dogon tunani ba. Sai dai ƙarin fiffiken yana ƙara wa inji nauyi, saboda haka in mai uku 17 ce ta dace da kai, a mai huɗu ka nemi 16, ko 15 in kamfanin ba ya yin 16. Mutane da yawa suna sayen mai huɗu da takun da suka cire, su ga juyi ya faɗi, su ce ba ta da kyau.

Batun ƙarfen da ba ya tsatsa kuma, mai sayar da kayan bai yi ƙarya duka ba. Ya fi alminiyam ƙarfi, ana iya yin fukafukansa sirara, ba sa lanƙwasa in an matsa musu, suna daɗewa, kuma galibi ana yi musu ɗan leɓe a bakin fiffike wanda ke sa su riƙe ruwa a kwana. Wannan leɓen ma yana rage juyi, ka sa shi cikin lissafi. Amma ƙarfin ƙarfe daban, ƙarfin ja daban. Ta alminiyam mai taku 17 za ta ja tayarka fiye da ta ƙarfe mai 21 nesa ba kusa ba. Ga kuma abin da ke ƙarƙashin ruwa. Tafkunanmu na madatsa ne, ruwansu ba a ganin ƙasa, da rani ya ja baya duwatsu da kututture su matso sama. In ta alminiyam ta bugi dutse, fiffike ne ke lanƙwasa ko ya gutsure, ka canza farfela ka ci gaba. In ta ƙarfe ce, ita ta tsira, bugun ya wuce zuwa sandar farfela da haƙoran giya, gyaran kuwa ya ninka kuɗin farfelar sau da yawa. Shawarata ka fara da alminiyam, mai arha, har ka tabbatar da takun da ya dace. In ka yi wata biyu kana jin daɗinsa kuma ka san ruwanka ciki da bai, sai ka sayi ta ƙarfe a kan sani. Ita kuma 19 ɗin nan kada ka sayar, ajiye ta a cikin jirgi da noti da fin da sifana, ranar tsautsayi ita za ta mai da kai gida.

Akwai wani abu da nake so ka bambance, domin ana ɗora wa taku laifin da ba nasa ba. In a tsakiyar kwana ka ji inji ya yi kururuwa, agogo ya haura, jirgi kuma ya rage gudu, farfelar ce ta shaƙi iska daga saman ruwa ko hayaƙin salansa, ta rasa abin kamawa. Maganin farko kyauta ne: sauke ƙafar inji kafin ka shiga kwana. Mai jan taya ma kusan kullum ƙafar injinsa a ƙasa take zama. In bai daina ba, fitar da jirgin ka ɗora miƙaƙƙen katako a ƙarƙashin cikinsa ka ga inda farantin da ke saman farfela ya tsaya. Ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi ko kusa da haka. In an ɗaure injin sama da yawa, a sauke shi rami ɗaya. Idan kuma kururuwar tana zuwa ne a miƙe, duk lokacin da ka matsa totur da kaya, amma a hankali jirgi na tafiya lafiya, to zargi robar da ke cikin cibiyar farfela. An sa ta ne don ta zame in an bugi wani abu, kuma in ta taɓa zamewa ba ta sake riƙewa da kyau. Ja layi da fenti daga cibiyar ciki zuwa jikin farfela, ka fita ka matsa, ka dawo ka duba. Layin ya rabu biyu, roba ta tafi. Na sha ganin an sauke kaburetoci da famfon mai ana neman cuta, alhali wannan robar ce.

Kafin awon da na ce ka yi, duba abubuwan da ke cinye juyi a ɓoye, don kada ka sayi farfela don rufe wata matsala. Gansakuka a ƙarƙashin jirgin da ya daɗe a ruwa tana rage gudu fiye da yadda ake zato. Ruwan da ya taru a ƙasan daɓe nauyi ne da ba ka gani. Fiffike mai ɗan lanƙwasa ko cizge a baki yana ɓata komai. Zafin rana ma yana rage wa inji ƙarfi, haka tsayin wuri, kimanin kashi 3 cikin ɗari a duk mita 300, shi ya sa farfelar da ta yi daidai a Legas za ta iya yi wa inji nauyi a kan tsaunin Jos. Mutanen cikin jirgi kuma su daina taruwa a baya don kallon 'yan kan taya, biyu su koma gaba lokacin tashi. Tayar a hura ta ta yi tauri har mutum ya taka ta da ƙyar ta lotsa, domin mai laushi nutsewa take yi tana ɗibar ruwa, ta zama kamar kana jan buhun yashi.

Igiya ma tana da ruwa da tsaki a lafiyar farfela. A yi amfani da wadda aka yi don taya, mai yawo a saman ruwa, tsawon ƙafa 50 zuwa 65, kuma ta mutum uku ana son ta jure fam 3,350, wato sama da kilo 1,500. Tunda injinka a waje yake, ka ɗaura ta da linzami mai reshe biyu a zobban ƙarfen da ke gefe da gefen bayan jirgi, irin mai ɗan abin yawo a tsakiya, don kada ta nutse ta naɗe a farfela lokacin da ka tsaya. A samu mutum ɗaya da aikinsa kawai kallon baya, kowa da rigar ruwa, igiyar kashe inji a ɗaure a jikinka. Duk lokacin da wani zai hau ko zai sauka ta bayan jirgi, a kashe injin ɗungurungum. Fitar da giya kawai bai isa ba, hannu na iya bugun sanda, kuma farfela ko a tsaye take bakinta yana yanka.

Wajen ɗorawa, tabbatar sabuwar ta gidan injinka ce, mai haƙora 15 a cikin cibiya, irin wadda Yamaha ke yi wa alamar K. Cire makulli, sa giya a tsakiya, ka datse katako tsakanin fiffike da faranti kafin ka kwance noti. In ka zare tsohuwar, zare wasar da ke bayanta ma, wato zoben ƙarfen da farfela ke jingina da shi, ka duba ko zaren kamun kifi ko guntun koma ya naɗe a sandar. Wannan zaren yana cin robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga, man ya koma fari kamar nono. Shafa giris mai jure ruwa a kan sandar, ka mai da wasar bayan yadda ka same ta, domin in aka manta da ita farfela za ta ci gidan giya. Ɗaure noti da ma'aunin da littafi ya faɗa, ka sa sabon fin, kada ka miƙe tsohon ka mayar.

Daga nan sai ka maimaita awon nan da mutum huɗun, a wuri ɗaya, da mai daidai na farko. In juyi da kaya ya shiga tsakiyar ma'aunin injinka, kuma gudun da gindi ke fara nutsewa ya sauko ƙasa da kilomita 30, ka samu farfelarka. In har yanzu yana gindin ma'auni da 17, sauko 15, ko ka koma mai fukafukai huɗu mai ƙaramin taku. Turo mini lambobin biyu, na da da na yanzu, tare da shekarar injin, in gaya maka wacce a ciki.